Zagayen ƙafa a dajin Nameri don ganin agwagwa mai farin fiffike: ya ci kuɗinsa?

Gandun dajin Nameri yana gundumar Sonitpur ta jihar Assam a Indiya, kimanin kilomita 35 daga garin Tezpur, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 200. A 1998 aka mayar da shi gandun ƙasa. Abin da ke kai masu kallon tsuntsaye can shi ne agwagwar daji mai farin fiffike, wadda mutanen Assam ke kira deo hah, kuma ita ce tsuntsuwar jihar a hukumance. Tana cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda sare manyan bishiyoyin da take ƙwai a kogonsu da kuma ƙafewar kududdufan cikin kurmi.

A nan ba a yawo da mota. Ana karɓar takardar izini a ofishin gandun da ke Potasali, a haɗa ku da jami'in daji mai bindiga, a ƙetare kogin Jia Bhoroli a kwalekwale, daga nan sai tafiyar ƙafa ta kan yashi da tsakuwa har a shiga kurmi. Bindigar ba ado ba ce, akwai giwaye. Idan jami'in ya ga sabon sawu ko ɗanyen kashi ya ce a juya, juyawa ake yi, ko da saura ƙiris a isa kududdufin.

Tsarin tafiyar ƙafar nan ya dace da wannan tsuntsuwa. Ba ta zama a buɗaɗɗen tafki. Wurinta ƙananan kududdufai ne masu inuwa da rafuka marasa gudu, inda rassa suka rufe sama. Da dare da asuba da magariba take kiwo, rana na ɗagawa ta lafe a inuwa ko ta hau reshe. Girmanta kamar na agwagwar gida ne, tsawonta santimita 66 zuwa 81, jiki baƙi-baƙi, kai fari mai ɗigo-ɗigon baƙi. Farin fiffiken ya fi fitowa idan ta tashi, wato lokacin da ka riga ka rasa ta.

Abin da ya fi ɓata tafiyar shi ne ƙara. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ake shiga, ganye ya bushe a ƙasa, takun mutum guda ya isa ya tashe ta. Jami'in da ya san aikinsa kan tsayar da ayari kafin bakin ruwan, a riƙa matsawa ɗaya bayan ɗaya ta bayan kututture. Mutum uku ko huɗu sun isa. Ayarin mutum goma da masu hira a baya asarar kuɗi ne. Haka kuma ku zama na farko a wurin: idan wani ayari ya riga ku ya kore ta, da wuya ta dawo a safiyar. Saboda haka a kammala batun takarda tun da wuri, a kwana kusa da Potasali, ba a Tezpur ba.

Madubin hangen nesa 8x42 (mai ƙara girman abu sau takwas) ya fi 10x42 (mai ƙara shi sau goma) amfani a duhun kurmi, domin ya fi shigar da haske kuma hannu ba ya girgiza shi sosai. Mai kyamara ya ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, tun kafin a isa ruwan, ya kashe filasha da ƙarar maɓalli. Tufafi masu duhun launi, takalmi rufaffe, da doguwar safa saboda matsattsaku a wuraren da ke da laima.

Ba a ba da tabbacin gani, kuma duk wanda ya ba ka tabbaci yana neman kuɗinka ne. A ware safiya biyu ko uku. Mai ciwon gwiwa ko mai ƙananan yara ya fi kyau ya zaɓi tafiyar kwalekwalen roba a kan Jia Bhoroli, inda ake ganin tsuntsayen bakin kogi a zaune, sai dai agwagwar ba ta fiye fitowa can ba.