Na'urar Gahawa Mai Hannu ko Mai Famfo: Amsa ga Malam na Arkilla

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ƙanenka da ke shirin dawowa daga Italiya ya yi maka tayin na'urar esfireso mai hannu, irin wadda ake ɗaga sandarta a danna kamar famfon tuƙa-tuƙa, kuma kuɗinta ya kusa dala 1,000. Kana son sanin ko ta cancanci wannan kuɗi, ko kuwa gara ka sayi mai famfon lantarki. Ka ƙara da cewa bayan sallar isha'i abokai huɗu ko biyar kan zauna hira a ƙofar gidanka, kuma da su za a sha. Wannan bayani na ƙarshe shi ya fi komai nauyi a amsata, amma sai an san yadda na'urorin biyu suke aiki kafin a ga dalili.

Abin da ya raba esfireso da gahawar gwangwani da mai shayi ke kaɗawa shi ne matsi. Ana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin garin gahawa da aka niƙa lukui aka danne, da ƙarfin da ya kai bar 9, wato kusan ninki tara na matsin iskar da ke kanmu, a cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Achille Gaggia na birnin Milan shi ne ya fito da na'ura mai hannu da sifirin a 1948, kuma daga gare ta aka fara samun kumfar nan mai ruwan ƙasa da ke kwanciya a saman kofi. A 1961 kamfanin Faema ya fito da E61, inda famfon lantarki ya karɓi aikin da hannu ke yi, kuma a wannan shekarar ce kamfanin La Pavoni ya fara sayar da ƙaramar mai hannu ta gida, Europiccola. Saboda haka mai hannu ita ce tsohuwar fasaha, kuma tsadarta ta samo asali ne daga tagulla da ƙarfen da aka zuba mata da kuma ƙarancin adadin da ake ƙerawa.

Masu hannun ma iri biyu ne. Akwai mai sifirin, kamar Elektra Micro Casa, wadda hannunka ke matse sifirin sannan shi ya tura ruwan, da ƙarfi da farko, ya riƙa sassautawa har ƙarshe. Akwai kuma wadda babu komai tsakanin damtsenka da fistin, kamar Europiccola da Olympia Cremina ta Suwizalan, wadda kuɗinta ya haura dala 3,000. Daga kuɗin da ka ambata, ina kyautata zaton ƙaramar ta wannan nau'i na biyu ake nufin kawo maka.

Ta fuskar ɗanɗano, mai hannu ta yi gaba idan ta samu gwani. Tawa, wadda na saya hannu na biyu shekaru kaɗan da suka wuce, idan na ɗaga sandar nakan ji ruwa ya shiga da ɗan huci, sai in ƙirga takwas domin garin ya jiƙa, sannan in fara dannawa a hankali. Ɗigon farko kan fito baƙi da kauri kamar zuma, daga baya ya haɗu ya zama zare ɗaya, kuma a tafin hannuna nake jin ko niƙan ya yi daidai: idan sandar ta faɗi ba tare da turjiya ba, garin ya yi tsaki-tsaki; idan ta ƙi motsi har na'urar tana neman ɗagowa daga tebur, ya yi laushi fiye da kima. Mai famfo ba ta ba ka wannan labari, sai dai ka gani a kofi bayan an gama. To amma fa na yi kusan wata guda ina zubar da gahawa kafin in samu kofin da zan iya miƙa wa baƙo ba tare da kunya ba, alhali mai famfo, da zarar niƙa da awo sun daidaita, abin da ta ba ka jiya shi za ta ba ka yau, ko da ɗanka ne ya danna maɓallin.

Batun baƙi kuwa, nan ne ƙaramar mai hannu take faɗuwa. Tukunyarta ba ta kai lita ɗaya ba, kuma kan da ruwa ke bi a manne yake da jikin tukunyar, don haka kowane kofi yana ƙara masa zafi. Na farko da na biyu sukan yi daɗi, na uku ya fara ɗaci, na huɗu kuma ya yi ƙauri, sai an kashe an jira ko an naɗe kan da tsumma mai sanyi. A Sakkwato, garin da zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, wannan jira ba ƙarami ba ne. Idan ruwa ya ƙare kuma ba a buɗe murfin sai tururin ya fita gaba ɗaya, domin buɗe shi da matsi a ciki ƙuna ce mai tsanani. Jikin tukunyar ma a fili yake, ya fi ƙarfin taɓawa, abin lura ga gidan da yara ke kai da komo. Mai famfo tana da tankin ruwan sanyi da ake ƙarawa a kowane lokaci, kuma kofi biyar a jere ba ya gagarar ta.

A wajen wuta kusan kunnen doki suka yi, amma ba gaba ɗaya ba. Dukkansu suna jan wat 1,000 ko fiye yayin dumama ruwa, nauyin da ƙaramin inbata ba ya ɗauka, kuma mai hannu tana bukatar minti goma zuwa sha biyar kafin ta shirya, wanda ke nufin idan aka ɗauke wuta a tsakiya sai a sake daga farko. Inda ta fi ita ce ba ta da allon lantarki a ciki, daga abin dumama ruwa sai makunni da ɗan abin daidaita matsi, don haka hawa da saukar wuta ba ya kashe ta da sauri kamar masu famfo na zamani. Tun da daga Turai za a kawo, ƙarfin wutarta volt 230 ne irin namu, soket kawai za a canza. Wanda zai yi oda daga Amurka shi ne zai kula, domin nasu 120 ne.

Ruwa matsala ce ga duka biyun. Ƙasarmu ta farar ƙasa ce, abin da ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma duk wanda ya leƙa cikin butar da aka daɗe ana tafasa ruwan burtsatse a cikinta ya san farin ɓawon da nake nufi. A mai famfo wannan ɓawo yana toshe siraran bututun da ido ba ya gani. A mai hannu yana kwanciya a tukunyar da za ka iya buɗewa ka haska da tocila, ka wanke da ruwan sitirik asid. Ko wacce ka saya, tataccen ruwa za ka riƙa zuba mata.

Gyara shi ne babbar hujjar masu son mai hannu, kuma suna da gaskiya, domin akwai waɗanda aka ƙera tun shekarun 1970 da har yanzu suke aiki, abin da ke lalacewa a jikinsu bai wuce robobin fistin ba. Sai dai robar ba a shagon kayan babur ake samunta ba. Wani hunturu tawa ta fara yoyo ta saman fistin, na kai wa wani mai gyaran famfo, ya auna ya sa mata roba mai kama da ita. Yoyon ya tsaya, amma gahawar ta koma warin taya, na ajiye na'urar sama da wata guda ina jiran ta ainihi daga waje.

Akwai kuma kuɗin da ba a faɗa maka ba, domin sayen wannan na'ura kamar sayen doki ne, sirdi da harawa suna nan tafe. Garin gwangwani mai narkewa ba ya shiga cikinta ko kaɗan, kuma wanda aka niƙa aka ƙulle tun watanni ba ya ba da kumfa. Dole ka samu ƙwayar gahawa da aka gasa cikin 'yan makonnin nan, ka niƙa ta a lokacin da za ka sha, da injin niƙa mai haƙora da ake daidaita laushinsa, ba mai wuƙa irin na kayan miya ba. Mai kyau na hannu yakan ci dala 100 zuwa 200, ga ƙaramin sikeli mai auna giram. Ana noman gahawa nau'in arabika a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, amma gasasshiya sabuwa yawanci daga Abuja ko Legas ake aiko ta. Na'urar dala 1,000 da mugun niƙa ba ta kai ta dala 300 da kyakkyawan niƙa ba.

Shi ya sa nake ganin akwai ta uku da ta fi dacewa da Sakkwato fiye da biyun da ka ambata, wato mai hannu marar tukunya, kamar Flair ko Cafelat Robot. Ruwan a buta kake tafasa shi, a kan gas ko gawayi, ka zuba, ka danna da hannu har matsin ya kai inda ake so. Ba ruwanta da wutar lantarki, ba inda ɓawo zai taru, ba ta ɗaukar zafi har ta ƙona kofi na uku, kuma kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Illarta ita ce ba ta da tururin kumfar madara, kuma kofi ɗaya-ɗaya take yi.

Shawarata ke nan, Malam. Da kai kaɗai za ka riƙa sha da safe, kofi ɗaya ko biyu, kuma aikin hannun kansa yana ba ka sha'awa, da na ce ka karɓi tayin, domin za ta daɗe har 'ya'yanka su gaje ta. Amma ga majalisar mutum biyar ba ta cancanci kuɗin ba. Ka sa ƙanenka ya raba kuɗin: marar tukunya da injin niƙa mai kyau dominka, sannan babbar butar moka, wato butar dafa gahawa da ake ɗorawa a kan wuta, mai cin kofi shida ko tara domin abokan hira. Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a 1933, matsinta bai wuce bar 2 ba, don haka ba esfireso ba ce ta gaskiya, amma tana da ƙarfi, tana hawa kan risho, kuma a Italiya kusan kowane gida akwai ta. Idan kuwa zuciyarka ta riga ta kwanta a kan mai tukunyar, to ka ce ya haɗo da robobin fistin saiti biyu da man shafawar da aka yi domin kayan abinci, ya kuma duba ko kwandon garin milimita 49 ne ko 51, domin madannin da zai sayo, wato abin danne garin a cikin kwandon, ya dace da shi.