ESTA ta Amurka ko eTA ta Kanada: amsa ga ɗan'uwanmu mai iyali 'yar Koriya

Malam, kan tambayarka ta tikitin da za ka saya wa iyali: tunda uwargida da yarinya duk fasfon Koriya ta Kudu ke hannunsu, kuma Toronto za su je duba ƙanwarta da ta haihu, ka bar tikitin nan mai yada zango a Amurka. Saya musu wanda zai tashi daga Incheon, babban filin jirgin Seoul, ya sauka Toronto kai tsaye, ko wanda zai biya ta Vancouver, ka cika musu eTA ta Kanada, wato izinin tafiya da masu shiga ba biza ke nema ta intanet, shi ke nan. Na ga arhar da ka ce ka gani a ɗaya tikitin, amma ba ka sa kuɗin ESTA, wato irin wannan izinin na Amurka, da wahalarta a lissafi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Duk mai fasfon Koriya da jirginsa zai sauka a Amurka, ko da canjin jirgi na awa biyu ne, sai ya riƙe ESTA. In zai sauka a filin jirgin Kanada kuma sai da eTA. Ka ga ke nan idan suka bi ta Amurka guda biyu za ka biya wa kowacce, ita da jaririyar, domin yaro ko na goye ne sai an cika masa tasa.

Ta Kanada dai ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Lokacin da mai ɗakina za ta je Vancouver wajen yayarta, a waya na cika mata bayan sallar isha'i, ina kishingiɗe. Kafin ta gama haɗa shayi amsa ta shigo imel cewa an amince, har ta ce in sake dubawa, ƙila ba shafin gwamnati na shiga ba, don sauƙin ya yi mata yawa. Dalar Kanada 7 ce kacal, wajen won 7,000 a kuɗin Koriya, kuɗin da bai kai na kwanon abincin rana a Seoul ba. Tana aiki shekara 5, ko zuwa ranar da fasfon zai ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Har yanzu da ita take zuwa ba mu ƙara biyan ko sisi ba. Babu takardar da za a manna, a jikin lambar fasfon take, ma'aikatan jirgi suna gani a kwamfutarsu. A ƙa'ida kuma mutum yana iya zama har wata 6 a kowace shiga, sai dai in jami'in shige da fice ya rubuta ƙasa da haka. Tun watan Nuwamba na 2016 Kanada ta wajabta ta ga masu shigowa ta jirgin sama. Ɗan cikas ɗinta guda: fom ɗin Turanci ne ko Faransanci, kuma ɗaya bayan ɗaya ake cikawa, ba a haɗa iyali a fom guda. Akwai dai jagorar cikawa da harshen Koriya a shafin.

ESTA kuwa, to, tana aiki. Shekara 2 take yi, kwana 90 a kowace shiga, kuma kuɗinta sai hawa yake: dala 14 a da, ya koma 21 a 2022, daga ƙarshen Satumba na 2025 ya zama dala 40. Mutum biyu wajen dala 80 ke nan, sama da won 100,000, don kawai a ratsa filin jirgi. Ana so a cika ta aƙalla awa 72 kafin tashi, kuma tambayoyinta sun fi yawa nesa ba kusa ba: sunayen iyaye, wurin aiki, wanda za a kira idan wani abu ya faru, wata ƙasar da mutum yake da fasfonta. Abin da zan yaba mata shi ne shafin yana da harshen Koriya kuma ana iya cika na iyali a haɗe.

Mun taɓa bi ta hanyar, shi ya sa nake hana ka. A Amurka babu zancen ka sauka daga jirgi ka wuce ƙofar na gaba kamar yadda ake yi a Doha ko Dubai. Sai an shiga layin jami'an shige da fice, an ɗauki hoto, an amsa tambayoyi, galibi a kwashi kaya a sake miƙa su, a sake bin bincike. Mai ɗakina ta yi wannan bayan tafiyar sama da awa 10, layi ya cinye lokacin, jirgi na biyu ya tafi ya bar ta. Ita kaɗai ce ma a lokacin. Ka hango taka da goyo da keken yarinya da jakar madara.

Akwai kuma wani tarko a lissafin kwana 90 ɗin. Idan ta shiga Amurka da ESTA sannan ta wuce Kanada, kwanakin da ta yi a Kanada ana ƙirga su a ciki idan ta Amurkan za ta dawo. Ka ce sati uku za ta yi, amma zaman jego ne, mun san yadda sati uku ke komawa wata huɗu idan 'yan'uwa mata suka haɗu. Ta wuce kwana 90, hanyar dawowa ta Amurka ta zama abin ciwon kai. Da tikitin kai tsaye wannan matsalar ba ta taso ba.

Kafin ma a je nan, ka tambaye ta ƙasashen da ta taɓa zuwa. Duk da Koriya ta Kudu tana cikin tsarin shiga Amurka ba biza tun Nuwamba 2008, wanda ya taka Sudan, Libiya, Iran, Iraƙi, Siriya, Somaliya, Yaman ko Koriya ta Arewa daga 1 ga Maris 2011 zuwa yau ya fita daga sahun ESTA, haka wanda ya je Kuba daga 12 ga Janairu 2021. Wannan ya shafe mu, domin a cikinmu akwai masu dangi a Sudan da suka taɓa kai iyali gaisuwa. Wanda abin ya shafa sai ya nemi bizar ziyara ta B1/B2, dala 185, da ganawa ido da ido a ofishin jakadancin Amurka da ke Gwanghwamun a Seoul. Zuwa Najeriya ko Nijar ko Umara ba ya hana komai. Kada kuma wani ya ba ta shawarar ta ɓoye, ƙarya a fom ɗin Amurka tana iya rufe wa mutum ƙofar ƙasar gaba ɗaya. Ita eTA ba ta da irin wannan jerin ƙasashen.

Duka biyun na ziyara ne, ba na aiki ba. Kowa a nan ya tuna samamen Satumba 2025 a wurin ginin masana'antar batir ta Hyundai da LG a jihar Jojiya, inda aka tsare 'yan Koriya sama da 300, da dama cikinsu da ESTA ko bizar B1 suka shiga.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka kiyayi 'yan damfara. Rubuta ESTA ko eTA a Naver ko Google, shafukan da ke fitowa a sama yawanci talla ne na dillalai. Sun sa tuta da tambari, sun rubuta komai da harshen Koriya tsaf, su karɓi ninkin-ba-ninkin kuɗin, su kuma riƙe hoton fasfon iyalinka da lambar katinka. Wasu suna cikawa da gaske, wasu ko cikawar ba sa yi, sai a Incheon mutum zai gane. Na Kanada a canada.ca yake, na Amurka esta.cbp.dhs.gov. Ka ga an nemi fiye da dala 7 ta Kanada, ko kuɗin da ya zarce dala 40 ta Amurka sosai, rufe shafin. Haka masu cewa a biya ƙari su hanzarta, babu layin gaggawa a ko ɗaya.

Wajen cikawa, ka kwafi suna harafi-harafi yadda yake da baƙaƙen Turanci a fasfo. Sabon shuɗin fasfon Koriya da aka fara bayarwa a Disamba 2021 yana da harafi a tsakiyar lambarsa, a nan mutane ke tuntuɓe. Kuskuren lamba ɗaya, sai sabon fom da sabon biya. In an sabunta fasfo ma tsohuwar eTA ta mutu tare da shi, kuma fasfon ƙananan yara shekara 5 kawai yake yi. Tunda ba ka cikin tafiyar, rubuta takardar amincewarka cewa yarinya ta tafi da mahaifiyarta, ka sa hannu da lambar wayarka, ka haɗa da kwafin shaidar haihuwa da na fasfonka. Jami'an Kanada suna iya nema.

In kuma daga baya ka yi sha'awar bin su, mu masu koren fasfo babu ruwanmu da eTA ko ESTA, auren 'yar Koriya ko katin zama a Koriya bai canza wannan ba, biza za ka nema. Su kuma in sun ce sai sun ga magangarar ruwan Niagara da ke iyakar Kanada da Amurka, su tsaya ɓangaren Kanada, daga can ma ruwan ya fi kyan gani. Tsallaka gada zuwa ɓangaren Amurka sai da ESTA, domin tun Oktoba 2022 har masu shiga ta ƙasa ana nemanta a wurinsu.