Gidan ƙaramar bindiga na fata: na cikin wando ko na waje?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu baduku da ke zaune a Hustan ta jihar Tekzas ya kawo tambaya. Wani abokin cinikinsa, direban motar rarraba kaya wanda doka ta ba shi damar riƙe bindiga, ya nemi ya ɗinka masa gidan fata na ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19, wanda riga za ta rufe, ya yini da shi bai ci masa ƙugu ba. Yana son sanin wanne zai yi, na cikin wando ko na waje, kuma ko jar fatar akuyar da ya zo da ita daga Kano za ta yi aikin, tunda ta fi duk fatun da yake gani a can laushi.

Malam, ka yi masa na waje, da kirgin saniya mai tauri. Fatar akuyar kuma ka ajiye ta tukuna, akwai inda za ta shiga.

Duka biyun suna da asali, kuma sanin asalin yana nuna abin da kowanne ya zo gyarawa. Na cikin wando da yawancin masu ɗinki ke kwaikwayo shi ne Summer Special, wanda Bruce Nelson ya tsara a shekarun 1960. Ɗan sanda ne mai aikin farin kaya a Kalifoniya, yana shiga cikin dillalan ƙwaya, don haka damuwarsa ɗaya ce, kada a gani. Daga baya shagon Milt Sparks na jihar Aidaho ya ci gaba da yin sa. Na waje kuwa, wanda suke kira fanke, Roy Baker ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970: fata biyu masu faɗi a ɗinke, bindiga a tsakiya, fukafukai biyu gaba da baya, kowanne da tsagar da bel zai ratsa. Shi abin da ya nema, bindiga ta lafe a jiki ta daina lilo.

Wajen ɓoyewa, na cikin wando ya fi, babu gardama. Hancin bindigar duka yana cikin wando, mariƙi kaɗai ke saman bel, ko 'yar shara ce a jikin mutum ta wadatar. Fanke kuwa ƙasansa yana leƙowa ƙarƙashin bel, sai da riga mai ɗan tsawo da sakewa, kuma in mutum ya ɗaga hannu zai ɗauko kaya daga sama, ana iya hango gindinsa. A nan kaɗai na ciki ya yi masa fintinkau. Kuma ko wannan ɗin da sauƙi a inda kake, domin a Tekzas tun watan Satumba na 2021 wanda ya cika sharuɗɗa yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba da lasisi ba, kuma ko ta fito fili ba laifi ba ne muddin tana cikin gidanta. Amma ka ce masa ya duba ƙa'idar kamfanin da yake wa aiki da ta wuraren da yake kai kaya, don su suna da ikon hanawa.

Yanzu ga batun da ya kawo shi wurinka, wato jin daɗi. Yawancin sababbin masu wannan ɗinki suna ɗauka laushi ne ke kawo shi. Ba haka ba ne. Glock 19 da harsashinta ta kai wajen giram 850, kuma abin da ke gajiyar da mutum shi ne nauyin nan ya taru a wuri guda, ko ya riƙa motsi duk taku. Ka dubi sirdi: itace ne a cikinsa, amma shi ke hana bayan doki ciwo, saboda yana baza nauyin mahayi, wanda ya lotse shi ke yin miki. Fanke yana baza nauyi a kan bel tsakanin tsagoginsa biyu, ya kuma bi lanƙwasar kwankwaso. Tsakanin bindiga da jikin mutum akwai fata, akwai bel, akwai wando.

Na ciki kuwa cusa abu ne tsakanin wando da jiki. Kaurin bindigar ya haura santimita 3, ka ƙara fata gaba da baya, ka ƙara ƙarin fatar baki. Shi ya sa masu sa shi kan sayi wando da ya fi ƙugunsu da inci 2. Mutumin da ke tsaye ko tafiya yana iya sabawa. Amma naka direba ne. Yini zai yi a zaune, kujera na tura mariƙi cikin haƙarƙarinsa, hancin bindiga na tokare masa ɗuwawu, sannan ya sauka ya hau sau ba adadi. Ka haɗa da zafin Hustan mai ɗanshi, inda gumi ba ya bushewa. Gumi yana da gishiri, yana ratsa fata ya sassauta ta, ya kai ga ƙarfe. Gidan da ke manne da jiki kullum a jiƙe yake, na waje kuwa yana shan iska.

Ko wanne ka yi, ka karkata shi gaba da kamar digiri 15, mariƙi ya ɗan kwanta ya bi jiki. In za a ɗaura shi bayan ƙashin kwankwaso kaɗan, wannan karkatar ce ke hana ƙarshen mariƙi tokare riga, ita ce kuma ke rage faɗa da jinginar kujera. Sannan ka bar wuri tsakanin bel da mariƙi yadda yatsu uku za su shiga su kama ba tare da sun goge da fata ba. Da yawa suna nutsar da bindiga ƙasa don ta ɓoyu, sai mai ita ya kasa kama ta da kyau.

A ɓangaren ɗinki ma ba ɗaya suke ba, kuma tunda wannan ne na farkonka, ya kamata ka auna. Babbar matsalar na ciki ita ce da zarar an zare bindiga, bel ya matse bakinsa ya rufe. Mai ita sai ya shiga buɗe bakin da hancin bindiga ko da ɗaya hannun, kuma a nan ne mutane ke harbin kansu. Maganin da aka samo shi ne a naɗa wata fatar a bakin, sau da yawa da siririn ƙarfe a tsakani, don ya zauna a buɗe. Aiki ne mai son hannu ya faɗa. Summer Special ana yin sa da gefen nama a waje, saboda kaushin ya kama wando, santsin kuma ya koma ciki inda bindiga ke shiga da fita. Maɗauransa suna kan bindigar daidai, abin da ke ƙara kauri. Shi ya sa shagon Sparks ya fito da Versa Max 2, inda aka mayar da maɗauran gefe da gefe, nesa da juna. In ka lura, aron dabarar fanke aka yi aka kai cikin wando.

Fanke ya fi sauƙi, amma yana da tarko ɗaya da nake so ka kiyaye. In ka yanka fatar gaba da ta baya daidai wa daida ka ɗinke su a shimfiɗe, a kan tebur zai yi kyau, bindiga ta shiga ta fita lafiya. Da an ɗaura shi an ja bel, fukafukan suka lanƙwashe, sai ya shaƙe bindigar, rabin kaurinta kuma ya koma yana danna jikin mutum. Ka sa fatar gaba ta fi ta baya faɗi, yadda yawancin tudun zai fito waje, bayan ya zauna kusan a shafe. Ka haɗa su da gam a lanƙwashe, a kan cinyarka ko wani abu mai zagaye, kafin basilla ta shiga. Tsagar bel kuma ka yi ta daidai faɗin bel ɗinsa, galibi inci ɗaya da rabi, kada ta yi yawa gidan ya riƙa zamewa. Ka tambaye shi irin bel ɗin da yake ɗaurawa. In siriri ne mai laushi, ka gaya masa gaskiya, ko wane gida ka yi masa zai rinjaya waje. Ka ɗinka masa bel mai ninki biyu, ciniki ya ƙaru.

To, fata. A Amurka da oza ake auna kaurinta, kowace oza kusan milimita 0.4. Fanke yana son oza 7 zuwa 8, wato wajen milimita 3. Na ciki a kan rage zuwa 6 ko 7. Ka nemi wadda aka jeme da ɓawon itace, irin ta Hermann Oak da ke Sen Luwis ko ta Wickett & Craig a Fensilbeniya, ka yanka daga kafaɗa ko gadon baya, ban da ciki, don fatar ciki saki gare ta. Wadda aka jeme da sinadarin kurom, irin ta jaka da kujera, ba ta riƙe siffa in an jiƙa ta, kuma masu wannan sana'a suna gudun ta saboda tsatsa. Akwai kuma fatar doki, wadda Horween ta Cikago ta yi suna da ita. Ta fi ta saniya tsukewa, gumi bai cika ratsa ta ba, shi ya sa ake son ta a na ciki, sai dai tana da gardama wajen matsa siffa kuma rini ba ya kama ta bai ɗaya.

Fatarmu ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ba abin rainawa ba ce. Ita Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko suna rufe littattafai masu tsada, kuma jimar bagaruwa jimar itace ce, danginsu ɗaya da waɗancan na sama. Amma kaurinta bai cika wuce milimita ɗaya ba, tana miƙewa, kuma majema sun shafe ta da mai sun buge ta don ta yi laushi. Wannan laushin shi ne haɗarin. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Abin da ke tsare ta yana jikin kunamar ne. In fatar da ke bakin gida ta yi laushi ta naɗe ta shiga zoben kunama lokacin da ake mayar da bindiga, za ta iya danna ta. Don haka dole fata mai tauri ta rufe kunama gaba ɗaya ta ɓangarorin biyu, yadda in ka danna da babban yatsa iya ƙarfinka ba za ta lotsa ciki ba. Inda ta akuyar za ta yi amfani shi ne shafi daga ciki, ko ado a fuskar waje. Ka manna ta nama da nama a kan kirgin oza 6, ka ɗinke gefen. A fanke wannan ya dace ƙwarai, jan nan na karan dafi a kan baƙi ba ya da na biyu a kasuwar can. A na ciki kuwa ƙarin kauri ne kawai, ga rinin da zai iya zuba a rigar mutum in ya yi gumi.

Wajen matsa siffa hanyar ɗaya ce. Ka sayi bindigar roba shuɗiya ta Glock 19, irin wadda ake horo da ita, ba sai ya bar maka tasa a shago ba. Bayan ɗinki ka tsoma gidan a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci kaɗan, ka ajiye har launin fatar ya fara dawowa, ka ji ta da sanyi amma ba ta ɗiga. Ka manna siririn tsinke a saman bindigar robar daga saitin gaba zuwa baya, don ya bar hanyar da saitin zai bi, in ba haka ba duk zarewa sai ya kankaro fata. Sannan ka cusa ta, ka bi da yatsu, ka bi da ƙaho ko ƙashi mai santsi. Riƙon yana fitowa ne daga ɗan lotsawar da za ka yi a gaban zoben kunama da kuma ramin da kwanso ke fita, kada ka zurfafa har ya kusanci kunamar kanta. Ka shanya a inuwa mai iska ko ɗumi kaɗan, wajen digiri 50 a ma'aunin Celsius. Zafi mai yawa yana ƙona ta ta yi ƙaushi ta tsage. In ya bushe, ka kifa shi da bindigar robar a ciki ka ɗan girgiza. In ta faɗo, layin ɗinkinka ya yi nisa da bindiga, kuma wannan ba ya gyaruwa, sabo za ka yanka.

Zai iya ce maka ai na Kydex, wato wanda ake yi da roba mai tauri, ya fi araha. Gaskiya ne, robar ba ta shan gumi, bakinta ba ya rufewa. Amma ba ta bin jiki, kuma gefenta yana cizo in an daɗe a zaune, wanda shi ne abin da ya gudo.

'Yan'uwa da ke gida, ku lura wannan ciniki ne na can. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, sai da izinin shugaban ƙasa. Wanda zai kawo muku irin wannan aiki bisa ƙa'ida jami'in tsaro ne, kuma ba laifi ku nemi ganin shaidarsa. Ko shi ɗin, in wando mai mazagi yake sawa ƙarƙashin kaftani, babu ɗaya cikin biyun da zai zauna sai ya ɗaura bel na daban.

Malam, in ka gama ka shafe shi ciki da waje da ruwan akirilik mai hana jiƙa, irin Resolene, a tsarma da ruwa, shafi biyu marasa kauri. Kada ka sa masa man ƙafar saniya ko wani mai, kuma ka ja kunnen mai shi kada ya sa. Zai dawo ya ce ya yi masa tsauri, haka sabo yake. Ya cire harsashi ya tabbatar babu komai a ciki, ya sa bindigar a leda mai ɗan kauri, ya cusa ta cikin gidan ta kwana. Washegari ya ɗaura shi a bel ya gwada, in da saura ya sake kwana ɗaya.