Shekara guda da na'urar awon hawan jini a jakar malama

Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin garin Katsina, shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alli. Watan Afrilun bara, rana na dukan maki 40 kuma muna ta shirya 'yan aji shida don WAEC, na fara tashi da ciwon kai a ƙeya. Na ɗora laifin a kan zafi da makin takardu. Da na je asibiti aka auna hawan jinina, 152 bisa 96. Likita ya ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, in riƙa aunawa a gida safe da yamma har mako guda, in kawo masa. Daga nan na biya wani kemis wajen Ƙofar Ƙaura na sayi na'ura mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, a kan naira 26,000.

Aikinta ba wuya. Batir huɗu take ci, maɓalli ɗaya ake dannawa, maɗaurin ya kumbura ya saki, sai lambobi uku su fito manya-manya: na sama, na ƙasa, da bugun zuciya. Na kai ta asibiti an gwada ta da tasu, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Amma abin da ya fi yi mini amfani shi ne sharaɗin da ke kan awon. Dole ki zauna shiru minti biyar kafin ki danna, bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, ba magana, ba shayi ko kofi rabin awa kafin nan. Wallahi na daɗe rabona da in zauna minti biyar ba jan biro a hannuna, ba waya, ba yaro yana kira. Da na jera awon a littafi sai na ga abin da jikina ya daɗe yana faɗa mini. Ranar Asabar 128 bisa 82. Daren da zan miƙa sakamakon ɗalibai 87 kafin wayewar gari, 146 bisa 92. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga hawan jini daga 140 bisa 90 idan ya maimaitu a ranaku daban-daban, don haka ban yi wasa ba, na koma wajen likita da littafina. Ya sa na rage gishiri da magi, na kuma daina kai makin takardu har ƙarfe ɗayan dare.

Daga nan ne abin ya shiga aji. Ina koya wa yaran nan cewa idan fargaba ta zo, wasu 'yan ƙulli da ke saman ƙoda suna sakin wani sinadari mai suna adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya jiƙe. Sun haddace don jarabawa, ba su taɓa haɗa shi da abin da ke samunsu a bakin ɗakin jarabawa ba. Ban ɗaura musu na'urar ba, domin ni ba likita ba ce, kuma maɗaurin ya yi wa yawancinsu girma. Yatsu biyu na sa suka ɗora a wuyan hannu, su ƙirga bugu na daƙiƙa 30 su ninka biyu. Wata yarinya da kullum hannunta ke rawa ta samu 104, alhali babban mutum a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100. Muka yi Bismillah, muka ja numfashi ta hanci muna ƙirga huɗu, muka sake shi a hankali muna ƙirga shida, na minti biyu. Ta sake ƙirgawa, 88. Ta ɗago ta ce, "Malama, ashe ana iya saukar da shi?" Har gobe ina jin muryarta.

Na'urar tana da aibu, kuma ya kamata a sani. Maɗaurin na dantse mai santimita 22 zuwa 32 ne. Wata abokiyar aikina mai jiki ta gwada a ɗakin malamai, lamba ta haura, hankalinta ya tashi, ashe maɗauri in ya yi wa mutum kaɗan ƙara lamba yake yi. Takardar bayani kuma da Turanci kawai take, rubutun ƙanana, babu Hausa ko layi ɗaya. Sannan akwai makon da na riƙa aunawa sau shida a rana, kowane awo na ƙara mini fargaba, sai da likita ya tsawatar ya mayar da ni safe da yamma.

Malamin da zai saya ya fara auna dantsensa da tef ɗin tela, ya nemi maɗauri daidai da shi, ya kuma kai ta asibiti a gwada da tasu. Tawa tana jaka yanzu haka, na sa mata sabon batir jiya, domin 'yan aji shida na bana sun kusa shiga jarabawa.