Tef mai haɗe kansa a gindin jigon jirgin ruwa: yadda na same shi

Duk jirgin filafilai (mai tafiya da iska) da jigonsa, wato dogon sandan da ke riƙe filafilan, ya huda daɓen sama ya sauka har ƙasan jirgi, wurin hudar nan ne ƙofar yoyo. Ana cusa weji a kewaye don jigon ya tsaya daram, sannan a lulluɓe da rigar roba, a ɗaure da ɗamarar ƙarfe sama da ƙasa. Rana ce ke cinye robar. Tawa ta bushe ta tsattsage, ruwa na bin jigon yana ɗiga cikin ɗaki.

Sabuwar riga wadda aka ƙera a dunƙule ta fi kyan gani, amma ba ta shiga sai an ɗaga jigon da injin ɗaga kaya. Shi ya sa na koma ga tef ɗin silikon mai faɗi, wanda ba shi da gam ko kaɗan. Ja ake yi ya miƙe, a naɗa kowane zagaye ya hau rabin na baya, sai ya manne da kansa ya zama fata guda. Daga ƙasa ake farawa a yi sama, kamar jerin kwanon rufi, don ruwa ya zame ta kai.

Ya yi aikinsa, ba ƙarya. Na sakar masa tiyo ta kowace fuska, ciki bai jiƙe ba, kuma da iska ta matsa jigon ya ɗan motsa, tef ɗin ya bi shi bai ɓalle ba.

Sai dai takardar da ke cikin kwalin ta yi shiru a kan abin da ya fi muhimmanci. A bayan jigo akwai dogon tsagi inda filafilan ke hawa. Tef yana tsallake tsagin ne kawai, ya bar rami a ƙarƙashinsa, ruwan sama kuwa nan ne hanyarsa. Dole a fara goge wurin da sifirit, a cika tsagin da silikon na kwalba daidai inda bakin tef zai zauna, a bari ya bushe. In ba haka ba, ko naɗi nawa aka yi, aikin banza ne.

Ba ya yafe kuskure kuma. Da zarar ya taɓa ɗan'uwansa ya kama, babu gyara sai wuƙa. Maiƙon hannu da ƙura suna hana shi kamawa, kuma ɗan ƙwarzane daga bakin ƙarfe kan iya zama doguwar yaga, don haka na ɗinka masa rigar tamfol a kai.

Wanda ya naɗa ya ga har yanzu ruwa na taruwa a gindin jigo can ƙasa, kada ya zargi tef. Jigon alminiyum rami ne a ciki, ruwa na shiga ta kafofin igiyoyi tun daga sama, sai a duba ko ƙofar magudanar gindin ta toshe.