Masu mota a Bauchi ku yi hattara da mai "cire gumin fitila"

Kwana huɗu ke nan ina rubutawa ina gogewa saboda kunya. Naira 48,000. Da hannuna na tura, ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya.

Kada wani ya ce mini gaggawa na yi. Shekara 11 ina tuƙi, na san ɗan hazon da fitila ke yi da sanyin safiya, wanda kana kunna ta yake bajewa. Nawa ba shi ba ne. Tun ruwan Agusta fitilar hagu ta Corolla ɗina take ɗigo daga ciki, har ruwa ya kwanta a ƙasan gilashin. Ƙwai biyu suka mutu, ga shi ina bin hanyar Dass da daddare. To me zan yi?

A Facebook na ga tallarsa, da bidiyo: fitila jiƙe sharkaf, sai ga ta fes. Wai yana da inji mai zuƙe danshi da wani gam na Jamus, garanti shekara biyu. Muka haɗu wajen Wunti, a ƙarƙashin bishiya, ya ce ana gyaran shagonsa ne.

Ga abin da ke hana ni barci. Na ciro waya zan tura kafin alƙalami, sai aka kira la'asar. Ya dafa hannuna ya ce, "Alhaji, mayar da wayarka, kuɗi ba sa gudu, mu ba Allah haƙƙinsa tukuna." Kafaɗarsa na gogar tawa a sahu. Wallahi ko kai ne ka yarda. "Kuɗi ba sa gudu." Ashe shi ne mai gudun.

Na tura 28,000. A'a, kafin nan ma ya karɓi 2,000 na mai, ban sa su a lissafi ba. Ya kwance fitilun biyu, wai ta dama ma ta kusa farawa, ya tafi da su kwana biyu. Na manta ban faɗa ba, ranar Talata ya kira ya ce gam ya yi tsada. Ranar Laraba, ko Alhamis ce, ya dawo dab da magariba ya ɗaura, suna ƙyalli, na cika masa 20,000. 28 da 20, 48,000. Har godiya na yi masa, har cewa na yi zan turo abokaina.

Ranar Asabar na kai wankin mota. Kafin in iso gida fitilun biyu sun yi gumi, har ta daman da lafiyarta ƙalau.

Na kai wa tsohon rewayana, wanda da shi na fara nema da ban shiga wannan ba. Ya leƙa, ya ce, "Ɗana, waɗannan ai ba fitilunka ba ne." Nawa na asali ya sauya da 'yan kanti marasa nauyi. Kunnen ɗaya ma a karye yake, da waya aka ɗaure. A ciki kuma ga 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, guda uku. Injin ke nan. Baba ya nuna mini ainihin aikin: a cire ƙwai, a busar da ciki da iska mai ɗumi, a nemo tsagar ko inda gam ya saki a like, a duba murfin roba na baya, a tabbatar 'yar kafar da fitila ke shaƙar iska ba ta toshe ba. A gabanka ake yi, ba kwana.

Lambarsa a kashe, shafin ya ɓace, masu shayin wurin sun ce ba shi da shago a nan, bai taɓa yi ba. Maman yara ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, kuma gara a zage ni da wannan kallon.

Kada ku bar kowa ya tafi da fitilarku. In dole ne, ku yi mata alama, ku ɗau hoton lambar jikinta.

Rasit ɗin transfa biyu da hirarmu ta WhatsApp duk suna nan, zan ɗora su da zarar na dawo daga ofishin 'yan sanda. 48,000, ban da fitilu na asali guda biyu da ban ma iya tambayar kuɗinsu ba tukuna.