Shafin Antibayotik ko na Azurfa: Wanne Ya Fi Kare Dashen Haƙori?

Malam, ka tambaya ko tsakanin kusar dashen haƙori da aka shafa wa antibayotik da wadda aka shafa wa azurfa, wacce ta fi hana ƙwayoyin cuta kama wurin dashen. Amsar ta danganta ne da lokacin da ake fargabar cutar za ta taso.

Yawanci da taitaniyam ake ƙera kusar, ƙarfen da wani likita mai bincike, Per-Ingvar Brånemark, ya fara dasawa a muƙamuƙin mutum a Suwidin a 1965. Ana sa wa jikinta kaushi domin ƙashi ya kama ta da kyau, sai dai wannan kaushin shi ne maɓoyar bakteriya idan ya fito fili. Sukan taru su yi wani yauƙi mai manne wa ƙarfe, dasashi ya kumbura, daga nan ƙashin da ke riƙe da kusar ya riƙa zaizayewa.

Shafin antibayotik, irin su jentamaisin da bankomaisin, yana da ƙarfi a farko, domin yana zuba magani daidai inda aka yi aikin a kwanakin da rauni yake ɗanye. Aibinsa shi ne yawancin maganin yakan fita cikin kwanaki ko makonni kaɗan, ragowar da ke tsattsafowa kuwa ba ta isa ta kashe bakteriya ba, illa ma ta ba su damar sabawa da maganin su daina jin sa. Ga shi kuma cutar da ke cin ƙashin kewayen dashe takan bayyana ne bayan shekaru, lokacin da shafin ya daɗe da ƙarewa.

Azurfa tana aiki ta wata hanya dabam. Ƙananan ɓarɓashinta suna sakin sinadari sannu a hankali, yana fasa fatar ƙwayar cutar, yana kuma lalata abubuwa da dama a cikinta lokaci guda, shi ya sa bijire mata ya fi wuya, ko da yake yana faruwa. Ta fi daɗewa, ta kuma fi kama nau'o'in bakteriya masu yawa. Matsalarta awo ce: idan ta yi yawa takan cutar da ƙwayoyin da ke gina ƙashi, wato ainihin waɗanda dashen ya dogara da su, idan ta yi kaɗan kuma ba ta tsinana komai.

Dukansu biyu suna iya goguwa yayin murɗa kusar cikin ƙashi, kuma furotin na yawu yana lulluɓe ɓangaren da ke cikin baki cikin mintoci, wato yana iya shiga tsakanin shafin da bakteriya.

A ganina azurfa ta fi dacewa da matsalar, musamman a wuyan kusar inda ta ratsa dasashi. Amma yawancin hujjojin duka biyun daga ɗakin gwaji da dabbobi suka fito. Ga mai shan taba, ko mai ciwon sukari da ba a daidaita ba, ko wanda ya taɓa fama da ciwon dasashi, magance waɗannan kafin dashe ya fi zaɓen shafi hujja mai ƙarfi.